Ku Tambayi Malam: Dillaliya, Ragon Layya da Katin Sawaba

Wasiƙun wannan watan sun fi ƙarfin filin da edita ya ba ni, ga kuma hunturun Jos ya sa yatsu sun ƙi riƙe biro. Na tsinci bakwai. Masu gaisuwa, ina amsawa. Wanda kuma ya turo neman rancen kuɗin makaranta ya yi haƙuri, ya yi ɓatan kai, gidan marubuci ya faɗo.

Tambaya: Assalamu alaikum Baba. Na karanta littattafanka uku na barkwanci, kuma a kowanne dillaliyar nan ce ke gano mai laifi, 'yan sanda sai an gama suke zuwa. Me ya sa ba ka ɗauki ɗan sanda ko lauya ba, kamar yadda ake yi a fim? Kuma don Allah akwai ta da gaske? *Daga 'yarka a Unguwar Rogo, Jos.*

Amsa: Wa alaikumus salam 'yata. Ɗan sanda in ya zo gidan Bahaushe, iyakarsa zaure, in ma an bari ya kai zauren. Maigida zai fito yana gyara hula ya ce lafiya ƙalau, ba abin da ya faru, alhali a cikin gida an kwana ba a runtsa ba. Dillaliya kuwa da sallama ɗaya ta wuce tsakar gida, ta zauna bakin gado, ta kwance ƙunshinta, a kawo mata ruwa. Ita ta san wadda ta sayar da ɗan kunnen gwal a ɓoye, ta san wadda ta yanki leshi mai tsada alhali mijinta na kukan babu a majalisa, ta san gidan da aka daina ɗora tukunyar rana. Mai bincike ba ya buƙatar bindiga. Ƙofa a buɗe yake buƙata, da dalilin da zai sa ya daɗe a zaune ba a tsargu ba. Sannan ga babban makaminta: an raina ta. Ba mai tauna magana a gaban tsohuwar da ta zo tallan zannuwan gado.

Kin tambaya ko akwai ta. Akwai ta, Allah ya jiƙanta, amma ba zan kama suna ba don jikokinta na nan cike da gari. Muna yara a Gangare take zuwa gidanmu. Wata shekara, da hunturu irin wannan, kuɗin adashin da mahaifiyata ta kwasa suka yi ƙafa. A cikin wata samira ta ɓoye su, can tsakiyar jeren kwanukanta. Nan take kowa ya nuna almajirin da ke mana ɗiban ruwa, har an aika a kira malaminsu. Ana cikin haka dillaliya ta yi sallama. Ta ji bayani, ba ta ce uffan ba, ta tashi ta tsaya gaban jeren nan tana kallo. Ƙurar hunturu ta kwanta a kan kowane murfi, sai guda ɗaya tak da ke ɗauke da shatin yatsu. Ta ce, “Yaron da bai san inda kuɗi suke ba, ai duk kwanukan zai bi yana buɗewa. Wannan kai tsaye ya zo.” Ta koma ta zauna, ta ƙulle kayanta, har ta kai bakin ƙofa sannan ta juyo ta ce wa mahaifiyata, “Af, keken Malam ya gyaru ke nan? Na gan shi ɗazu da sababbin tayoyi.”

Mahaifina ya biya kuɗin da ƙarshen wata, ya ce dama aro ya yi. Almajiri ya samu sabuwar riga ta ban haƙuri. Ni kuma na samu abin da nake ci har yau, don duk littattafan nan uku daga murfin samirar nan suka fito.

Tambaya: Malam, ni ɗalibin adabi ne. Mun yi musu da abokaina, wasu na cewa labarin bincike in babu kisan kai ba labarin bincike ba ne, kai kuwa daga ɓatan rago sai ɓatan kuɗin adashi. Wasu kuma sun ce kwaikwayon Turawa ne kawai ka sa masa hula. Me za ka ce? *Daga Farin Gada, Jos.*

Amsa: Ɗana, maganar gawa tukuna. Marubutan Ingila suna iya ajiye gawa a ɗakin karatu su yi ta wasan kacici-kacici a kanta ana shan shayi, don a ƙauyukan da suke rubutawa kisan kai baƙon abu ne. Ni a Jos nake. Wanda ya ga Satumbar 2001, ya ga Nuwambar 2008, ya ga Janairun 2010, ba zai iya kwantar da gawa a shafi na biyar ya nemi a yi dariya a shafi na shida ba. Na gwada sau ɗaya, na rubuta babi biyu, na yaga.

Kuma kada ka raina rago. Ragon layya ya ɓace saura kwana biyu Sallah, a gidan mutumin da ya ci bashi ya saye shi don kada a ce bai yanka ba, ya kuma ɗaure shi a ƙofar gida wata guda kowa na gani. Akwai bashi a nan, akwai mutunci, akwai kishiyoyi biyu da kowacce ta riga ta yi wa danginta alkawarin cinya. In wannan bai ishe ka tashin hankali ba, ba ka yi aure ba tukuna.

Abin da ke mai da labari na bincike shi ne adalci tsakanin marubuci da mai karatu. Tun 1929 wani limamin coci a Ingila, Ronald Knox, ya tsara ƙa'idoji goma na irin wannan rubutu, kuma jigonsu shi ne kada a ɓoye wa mai karatu shaidar da mai bincike ya gani, kada kuma a kawo aljani ko sa'a su warware matsala. Ni ma a kan wannan nake. A littafin ragon, tun babi na uku na nuna maka maƙwabcin da ke cinikin dusa a kasuwa, alhali ko kaza ba ya kiwo. Ba ka lura ba, saboda a daidai wurin na sa shi yana rantse-rantse da mai dusa a kan tsadar mudu har rawaninsa ya warware, kai kuma kana can kana dariya. Amfanin barkwanci ke nan a wurina, shi ne zanen da nake lulluɓe shaida da shi a gabanka.

Batun kwaikwayo kuwa, ban ɓoye ba, na karanta Agatha Christie tun ina kwalejin horon malamai, kuma tsohuwarta Miss Marple, wadda littafinta na farko ya fito a 1930, 'yar uwar dillaliyata ce ta wajen rainin da ake yi musu. Tsarin tara kowa a babin ƙarshe a fasa ƙwai ma daga can na aro, sai dai su a falo suke taruwa, ni a zauren mai unguwa. Amma dabarar ɓarawo da dabarar mai kama shi ba Bature ya kawo mana ba. Ka koma gasar da Hukumar Fassara ta shirya a Zariya a 1933 ƙarƙashin Rupert East. Cikin littattafan da suka fito daga gasar akwai Idon Matambayi na Muhammadu Gwarzo, wanda wayon ɓarayi ne jigonsa, ga kuma Ruwan Bagaja na Abubakar Imam, inda mutum biyu ke ta yi wa juna ƙulli da warwara ana dariya. Kafin su kuma akwai labaran alƙalai masu gano gaskiya da hikima, waɗanda kakanninmu ke ba mu da dare. Ka gaya wa abokanka keke ma ba mu muka ƙera shi ba, amma mu muka koya masa ɗaukar buhun dankali uku daga Bokkos.

Tambaya: Kawu, garin da ke cikin littattafanka Bukuru ne ko? Mun gane tashar jirgin. *Daga Bukuru.*

Amsa: Mutanen Barikin Ladi ma sun ce nasu ne, sun gane tafkin kuzar. Gaskiyar ita ce tsince-tsince na yi: tasha daga nan, tafki daga can, mai shayin kuma daga wani wurin da ba zan faɗa ba don har yanzu ina shan bashi a teburinsa. Wani bawan Allah ya taɓa tare ni a Taminus ransa a ɓace, wai ladanin da ke cikin littafi na biyu, mai kwaɗayin nan da ba ya wuce gidan suna, kawunsa ne na ci wa mutunci. Na ce masa ban taɓa ganin kawunsa ba, amma ya gaya mini ta wane hali ya gane shi. Ya yi shiru, ya ce a gaida gida.

Tambaya: Malam, na ji an ce ka ajiye barkwanci ka koma rubuta tarihin wani ɗan siyasa. Wane ne shi, kuma me ya kai mai ba da dariya wannan fage? *Daga wani Alhaji a Gwarimpa, Abuja.*

Amsa: Alhaji, ban ajiye ba, kishiya na yi mata. Sunansa kuwa mun yi da iyalinsa sai littafi ya fito. Ba minista ba ne, bai taɓa cin zaɓe ba. Tela ne a wani barikin kuza, ɗan NEPU, jam'iyyar adawa ta su Malam Aminu Kano, irin waɗanda ke ɗinka wa jam'iyya tuta da daddare su kuma kwana a gidan yari a kanta. Mahaifinsa na cikin Hausawan da suka biyo kuza zuwa wannan tsauni, zamanin da ƙaramin jirgin ƙasa daga Zariya ya iso Jos a 1914.

Abin da ya kai ni shi ne haushi. Manya suna da littattafansu. John Paden ya rubuta na Sardauna a 1986, Trevor Clark ya rubuta na Tafawa Balewa a 1991, Alan Feinstein ya rubuta na Malam Aminu Kano tun 1973. Duk na karanta, duk na ƙaru, kuma ina ba ka shawara ka neme su. Amma ka lura, dukansu baƙi ne suka rubuta, kuma da Turanci. Malam Aminu da kansa ya rubuta rayuwar Sa'adu Zungur da Hausa, sai dai irin wannan ba su da yawa. Su kuwa talakawan da suka riƙe jam'iyyar tun da aka kafa ta a Kano ranar 8 ga Agusta 1950, masu shayi da teloli da 'yan koli da suka sha bulala don sun ce “Sawaba”, suna ta mutuwa ɗaya bayan ɗaya da labarinsu a baki.

Na ɗauka aikin zai zo mini da sauƙi, tunda na saba bin sawun maƙaryaci. Ashe ba haka ba ne. A littafin dillaliya ni ne mai gari. In labari ya cije, sai in saukar da ruwan sama, ko in sa akuya ta ɓarar da tukunya. Tun kafin in rubuta layin farko na san ɓarawon. A nan kuwa ba ni da ikon ƙara ko “af” a bakin mutumin in ba wani ya ji ya faɗa ba. Shekara ta shida ke nan ina kai. Na yi zarya Kaduna, tsakanin Gidan Adana Takardun Tarihi na Ƙasa da Arewa House, tsohon gidan Sardauna, ina buɗe fayil-fayil da takardarsu ke karyewa kamar ƙosan rogo ya kwana. Matsalar takardun nan ita ce waɗanda suka rubuta su, wato Di'o, Baturen mulki, da ma'aikatan En'e, hukumar sarakuna, su ne abokan gabarsa. A wurinsu kowane ɗan NEPU mai tada zaune tsaye ne. Gaskiya Ta Fi Kwabo, wadda ta fara fitowa a 1939, ita ma jaridar hukuma ce, dole ka karanta ta da ido ɗaya a buɗe. In ka koma wajen dattawa kuma sai ka tarar da kishiyar matsalar: a bakinsu mutumin waliyyi ne. Akwai tsofaffi biyu, abokansa, da na zauna da su a benci ɗaya. Ɗaya ya ce wata uku aka ɗaure shi, ɗaya ya ce shida, suka yi ta yi har aka kira la'asar, kowanne na rantsuwa shi ya je tarbarsa ranar da aka sake shi. Abu ɗaya suka haɗu a kai: bai taɓa rusuna wa kowa ba.

Sai ranar da matarsa, wadda yanzu ta tsufa ƙwarai, ta sa jikarta ta jawo wani akwatin ƙarfe daga ƙarƙashin gado. Da aka buɗe, warin kafur ya cika ɗakin. A ciki akwai tef ɗin awonsa duk lambobin sun goge, da almakashi, da katin jam'iyya mai hoton tauraro, alamar NEPU, kamar yadda fartanya take alamar NPC, jam'iyyar Sardauna. A can ƙasa kuma, cikin wata tsohuwar hula, ga takarda a ninke huɗu, da ajami, rubutun hannunsa. Kwafin wasiƙa ce zuwa ga hukuma. Yana neman afuwa, yana roƙon a maido masa da keken ɗinkinsa da aka kwace, yana alkawarin ba shi ba siyasa har abada.

Na daɗe riƙe da takardar nan. Da dillaliyata ce, da murna za ta yi ta samu shaida. Ni gumi ne ya karyo mini, a cikin sanyin Jos. Sauran bayanin yana cikin amsar da ke biye, don tambayar ta zo daidai kan gaɓa.

Tambaya: Malam, ina jin tsoron wannan aiki da ka ɗauko. An umarce mu mu ambaci alheran mamatanmu, mu kame daga aibinsu. In ka tono abin da Allah ya rufa wa bawansa, me za ka ce gobe ƙiyama? *Daga ɗan'uwanka a Dilimi, Jos.*

Amsa: Na gode ɗan'uwa, kuma ban ɗauki wannan a matsayin faɗa ba, don ni ma ta hana ni barci. Hadisin da ke cikin Bukhari ya hana zagin matattu, kuma ba ni da niyyar zagin kowa. Amma malaman hadisi da kansu sun rubuta mujalladai a kan masu ruwaya da suka riga mu gidan gaskiya, suna cewa wane amintacce ne, wane mai mantuwa ne, wane kada a karɓi maganarsa, saboda al'umma na da haƙƙi a cikin abin. Layin da na ja wa kaina shi ne: abin da ya shafi ɗakinsa da iyalinsa, ba ruwana, na ji abubuwa da yawa na bar su inda na ji su. Abin da ya yi a fagen siyasa kuwa na jama'a ne.

Wasiƙar nan ta fagen siyasa ce. Babban ɗansa ya ce atafau ba za a sa ta ba, za a zubar wa mahaifinsu da girma, 'ya'yan 'yan NPC su samu abin gori. Muna cikin ja-in-ja a tsakar gida, sai tsohuwa ta ɗaga labule ta ce, “Malam, rubuta. Ni na sa shi ya rubuta ta. Kwana biyu yaran nan ba su ci ba, shi wannan mai maganar yana goye a bayana.” Ɗan ya sunkuyar da kai, mutum mai furfura.

Da na koma kan katin jam'iyyar na duba bayansa da kyau, sai ga shaidar biyan kuɗin wata-wata ta ci gaba bayan lokacin wasiƙar. Ya karɓi kekensa, ya ciyar da 'ya'yansa, ya koma ɗinkin tuta. Alkawarin da ya yi wa hukuma ne ya saɓa. Zan sa wasiƙar, zan sa katin, zan sa maganar tsohuwa kamar yadda ta faɗe ta. Ita kanta, ka tuna, duk wahalar da ta sha a kan siyasar nan ba ta da ƙuri'a a lokacin, don sai a 1979 matan Arewa suka fara jefa ƙuri'a a babban zaɓen ƙasa. Babi guda na ware mata, kuma ina jin shi zai fi kowanne.

Tambaya: Ranka ya daɗe, maigidana zai cika shekara 60, muna so a rubuta tarihinsa a ƙaddamar a Abuja. Nawa za ka karɓa? *Daga wani hadimi a Maitama.*

Amsa: Na san irin littafin da kuke so: bango mai sheƙi, hoton maigida da babbar riga, babin farko ya nuna tun yana jariri ba ya kukan banza. A kama zaure a otal, babban mai ƙaddamarwa ya sayi kwafi ɗaya a kan miliyoyi, kowa ya tafi da nasa a leda, ba mai sake buɗewa, har shi maigidan. Ba haramun ba ne, sana'a ce, akwai masu yin ta da yawa a nan kusa da ku. An taɓa kawo mini irin wannan tayin, na ce na yarda da sharaɗi uku: in zauna da tsohon direbansa, da wanda ya kayar a zaɓen fid da gwani, da akawun da ya yi aiki a ƙarƙashinsa, kuma ba za a karanta abin da na rubuta ba sai an buga. Aka ce za a kira ni. Lambata ba ta canja ba.

Tambaya: Baba, mu dai dillaliyarmu muke jira. Yaushe na huɗu zai fito? *Daga matan wani gida a Rikkos.*

Amsa: In Allah ya yarda bayan Babbar Sallah, in kuɗin takarda bai sake tashi ba, don mai maɗaba'a yanzu sai ya ga rabin kuɗi yake amsa sallama. Wannan karon lasifikar masallacin unguwa ce ta ɓace ana saura kwana uku azumi, kuma rabin garin na da dalilin ɗauke ta, tun daga mai jegon da ke maƙwabtaka har na'ibin da ke ganin muryarsa ta fi ta ladan. Na san wanda ya ɗauka. Abin da ya tsayar da ni sati uku ke nan shi ne inda zai ɓoye abu mai girman kwarya a garin da kowa ke leƙa gidan kowa. In kuna da shawara ku turo ta hannun edita, amma ban da rijiya, na riga na jefa kuɗin adashi a ciki tun littafi na farko.